Tiren toka a ƙarƙashin gado

Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Zango, mutum mai son gwada abu kafin ya faɗa. Dab da rasuwarsa, a shekarar da muka sami mulkin kai, ya ɗauki tirena na aure ya cika da tokar murhu, ya tsaya yana sako tsakuwa daga sama. Kowace ta faɗa sai ta bar rami, toka ta fantsama kewaye.

Na ce, "Malam, abin har ya kai ga wasan ƙasa?"

Ya ce haka fuskar wata take, duwatsu ne suka yi ta faɗa masa daga sarari. Baƙin da muke hange a jikin watan kuma dutse ne da ya narke tun zamanin da, ya ɓulɓulo daga ciki, ya malala cikin kwari ya daskare. Ya tsiyaya kunu a gefe don in gani. Na ce ya yi mini asarar kunu. Ya tura tiren ƙarƙashin gado, wai zai kai wa ƴan ajinsa. Zazzaɓi bai bar shi ya kai ba.

Ban yi kuka ba. Ba na jin komai, ko yunwa. In shayar da ɗana, in amsa gaisuwa, in koma in zauna.

Ranar sadakar bakwai uwar mijina, da ta zo daga Dogo, tana neman abin raba waina, ta jawo tiren. Ga toka, ga ramuka, ga tsakuwa da busasshen kunu, a ƙarƙashin gadon da ɗanta ya cika. A wajenta aikin boka ne.

"Ke ƴar nan, wa ya buga miki ƙasa? Me kika yi wa ɗana?"

"Inna, fuskar wata ce Malam ya kwatanta."

Na yi mata bayani tiryan-tiryan yadda ya yi mini, idona a bushe. Ina jin muryata kamar ta maƙwabciya a bayan katanga. Da na fashe da kuka, wataƙila da ta yarda. Na nemi kukan, babu.

Ta ce jikanta ba zai girma a ɗakin nan ba. Ana yaye shi ta aiko ƙanin mijina. Na ɗaure kayan yaron a ɗankwali, na sa masa hula. A bakin zaure ya waiwayo yana miƙo mini hannu, ni kuma na ɗaga masa nawa, yadda ake yi wa baƙo.