Ɗela Mai Shara da Ƙwaryar Gyaɗarta

Kafin hantsi ya ɗaga, Ɗela ta share tsakar gidan likita, ta cika randa, ta ƙone tsummokaran miki a bayan danga. Daga nan sai ta ja tabarma gindin gawon bakin ƙofa, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa mai ɓawo a gabanta. Shekara ashirin da uku ke nan. Baƙo zai ce tsohuwa ce mai kwaɗayi. Gyaɗar nan ba ta ci ba ce.

Ku tambayi Isufu, mutumin wajen Dungas. Nasara suka ɗebe shi soja yana saurayi, suka dawo mana da shi da riga mai maɓalli da ido marar barci. Wata ranar kasuwar Magariya, da kakar gyaɗa, babbar mota ta yi ƙara a bakin sikeli kamar an saki bindiga. Isufu ya dafe ƙirji. Zuciya na dakan lugude, gumi sharkaf, yatsu na kyarma, numfashi ya maƙale a wuya. "Mutuwa zan yi," yake ta faɗi, "ku riƙe ni, ƙasa na juyawa."

Aka kai shi gidan likita. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce lafiyarsa lau, a fitar da shi. Tunda Nasara bai ga ciwo ba, dangi suka ce aljani ne. Baffansa Barau ya tura shi wata bukka a masaukinsu, daura da gidan likita, ya sa kaskon garwashi, ya watsa barkono, ya ja ƙyaure. In hayaƙi bai fitar da aljanin ba, an riga an gaya wa maƙeri ya ƙera mari na ɗaure ƙafa. Ku ji fa! Mutum na neman numfashi, maganinmu shi ne a toshe masa shi.

Ɗela ta jiyo tarin. Ta zo da tsintsiya a hannu ta banke ƙyauren.

"Kai Barau, bandar kifi kake yi da ɗan ƙanenka?"

"Iya, koma ga shararki. Aljanin yaƙi ne ya biyo shi."

"To aljanin ke tari ko Isufu? Ɗauke kaskon nan kafin in kife maka shi a rawani."

Ta ja shi gindin gawo, ta tura masa ƙwarya. "Ɗana, ɓare mini. Ja numfashi, ka fasa. Saki, ka jefa. Na sha ganin irinsa, hadarin kaka ne, rugugi ba ruwa."

"Inna, zuciyata za ta fashe."

"In ta fashe ni zan share, ai aikina ne. Ɓare."

Ƙwarya ba ta kai rabi ba kyarmar ta lafa. Marin da aka ƙera, jakin Barau ya gaje shi. Abin bai bar Isufu ɗungum ba, har yau yana taso masa, amma ya san zai wuce, kuma aljihunsa ba ya rabo da gyaɗa. Bayansa mutum nawa suka zauna a tabarmar nan? Masu jego da tsoro ya hana sakat, da magidantan da suka dawo daga aikin tilas suna zabura in an taɓa ƙofa.

Mu da muka shiga lakwal, makarantar boko, fa? Mun iya sunan ciwon da Faransanci, mun ɗaga hanci, mun wuce.

A watan jiya aka sallame ta, wai bayanta ya ranƙwafa. Lambar yabo tana ƙirjin tafintan likita. Ita kuwa gardi aka aiko ya karɓi tsintsiyar, wai kayan gwamnati ce.

Ɗela, ke ce inuwar da ba a shuka ba. Ke ce kika ce wa mai firgita ba mahaukaci ba ne, lokacin da likita ya ce ƙarya yake, dangi suka ce a ɗaure. Mun gode, Allah ya biya ki da abin da muka kasa.

Ku kuma, in kun ga mutum ya dafe ƙirji yana kiran mutuwa, ku kai shi likita ya duba. In an ce ba komai, kada ku hura garwashi. Ku buɗe ƙofa, ku zauna da shi.

Ranar da aka karɓe tsintsiyar, Isufu ya iso da buhun gyaɗar gonarsa a ka. Tun daga Dungas ya tako, da ƙafafun da ba su taɓa sanin mari ba.