Faɗin Jaki da Dami Biyu

Ƙamshin tumu a kan garwashi yakan sa mutane murmushi. Ni kuwa gonar kakana ta Farin Dutse yake tuna mini, sai raina ya ɓaci.

Gona ce mai albarka, sai dai ba ta taɓa titi ba. Kafin ka shiga, sai ka bi wata 'yar hanya ta gefen gonar maƙwabcinmu, wani tsoho mai taurin kai da muke ce wa Baba don ladabi kawai. Kowace damina, in ya zo huɗa, sai ya ci kunya ɗaya daga hanyar. Ɗaya tak, yadda in ka yi magana za a ce ka cika mita.

Geronmu yana rigan dawarsa nuna. Ni ke koro jaki da dammuna, ganyen dawa yana yankar fuskata, karare suna karyewa ta ko'ina. Wata kaka hanyar ta matse har jakin ya tsaya cik. Baba ya fito yana faɗa wai mun yi masa ɓarna.

Mai unguwa ya zo da dattawa, babu igiyar awo. Ya ce a ɗora wa jaki dami biyu a koro shi, duk karan da dami ya taɓa a sare, nan ce iyaka. Kakana ya ɗaura dammunan da ban taɓa ganin girmansu ba, jakin yana nishi. Aka sare, aka dasa gamba a gefe.

"Ku shaida," in ji kakana, "jaki da dami biyu, ba ragi."

"Ba kuma ƙari," in ji Baba.

Ranar har fura aka dama a gidanmu, wai mun ci nasara.

Yanzu duk sun kwanta dama. Gonar tana hannuna, ina saye da sayar da riɗi a Birnin Kudu, ina da akori-kura tawa. Motar nan ba ta shiga, tarakta ma haka. Na samu jikan Baba, na ce ya sayar mini da taku biyu, ya faɗi abin da yake so. Na yi ciniki da mutane iri-iri, ban taɓa gamuwa da mai ƙin sayarwa cikin fara'a irinsa ba.

"Alhaji, ni na hana ka hanya? Kawo jakinka, ko dami nawa ne ka wuce."

Na je wa mai unguwa na yanzu, ya ce maganar manya ba ta tashi, kuma wai kakana ne ya nemi shaidu.

A zamanin da kowa ke sayar da jaki ya sayi babur, ni na shiga kasuwar Gwaram na sayi jaki. Motata tana tsayawa a bakin titi, shi yake fito mata da buhuna. Kwanan baya jikan Baba ya aiko aron jakin zai kai taki. Na ba shi. Ta gonarsa nake shiga tawa.