Abin da Auta Ya Faɗa a Bakin Ƙofa

A asibitin kowa ya san Antin Gwaji. Shekara da shekaru tana zaune gaban na'urar duba jini, ba ta taɓa rubuta abin da idonta bai gani ba. Likitoci kan yi mata tsiya wai ko gaisuwa sai ta auna kafin ta amsa.

Da mota ta kaɗe autanta a hanyar makaranta ya rasu, ba ta yi kuka gaban mutane ba. Rubutu ta kama yi a kan teburin guga, har ya zama littafi. Ƙawarta ta jami'a, wadda marubuciya ce, ta karanta ta aiko mata da wasiƙa.

"Ƙawata, kin gama da ni," in ji wasiƙar. "Ban taɓa karanta baƙin ciki mai gaskiya irin wannan ba. Inda Auta ya juyo a bakin ƙofa ya ce, 'Mama, ki rage min abincina, yanzu zan dawo,' nan na kife littafin na yi ta kuka."

Anti tana tsaye a kicin, wasiƙar a hannunta. Ba haka yaron ya ce ba. Ranar da take rubuta shafin, ainihin maganarsa ta yi mata tsawo, ta ƙi zama a layin, sai ta sa wannan da niyyar ta dawo ta gyara. Ba ta dawo ba.

Ta sami mijinta a falo yana gyaran fanka, babbar 'yarsu na riƙe masa kujera. Dukansu suna gida a safiyar da abin ya faru.

"Baban yara, me Auta ya ce da zai fita?"

"Ki rage min abincina."

"A littafi ka gani, ko da kunnenka ka ji?"

"Yau kuma ni za a yi wa gwajin?" Ya leƙo yana dariya, ya ga fuskarta, ya sauko daga kujerar.

"Haka ya ce mana, Mama," in ji 'yar. "Har muryarsa ina ji."

"Ni na ƙirƙira."

Mijin ya zauna a hannun kujera, sukudireba a hannunsa. 'Yar ta juyo ga uwar da tambaya.

"To me ya ce?"

Anti ta buɗe baki. Tana ganinsa sarai: jaka a kafaɗa ɗaya, igiyar takalmi a kwance, haske ta bayansa. Leɓɓansa na motsi. Ta kasa kunne iya ƙarfinta, amma abin da ke fitowa, kalma bayan kalma, nata ne.