Akwatin da Baba Ya Ƙera wa Jirgin Bashmuhandis

Wata Alhamis a bazarar 1981, ina 'yar shekara goma, na tsaya a garejin wani gida a unguwar Mohandessin ta Giza, a ƙasar Masar, ina kallon allurar sikeli tana hawa. A kan sikelin akwai akwatin da Baba ya kwashe mako uku yana ƙerawa. Allurar ta wuce kilo biyar, ta wuce goma, sai a sha huɗu ta tsaya. Mai gidan, wani injiniya Bamisire da kowa ke kira Bashmuhandis, ya dafe kai da hannu biyu. Ni kaɗai a wurin na san inda gizo ke saƙa, na kuma ja bakina na tsuke.

Baba mutumin Damagaram ne, maƙerin akwatunan ƙarfe, hanyar Makka ta ajiye shi a Giza ya zauna. Larabcinsa na salla ne da gaisuwa, don haka ni da nake makarantar Misirawa na zama bakinsa da kunnensa. Bashmuhandis ya sayo ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, aka kawo masa shi gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, yana harhaɗawa da kansa. Ya ɗauki Baba aiki don ya yi masa ma'ajiyar kaya a bayan kujerun. Ranar farko Bashmuhandis ya durƙusa daidai tsayina ya yi mini bayani dalla-dalla: kada ta wuce kilo huɗu, domin in baya ya yi nauyi hancin jirgi zai ɗaga sama, ya rikito da mutum. Na ce "tamam", wato na gane. To a daidai lokacin 'yarsa Nadiya ta leƙo da alli a hannu, ta zana 'yar gala-gala a tsakar gida. Na ce wa Baba, "Akwati yake so mai kyau," na arce.

Baba kuwa da ya ɗaga fallen sanholon da ya zo da jirgin, sai ya yi tsaki. A sana'arsa nauyi shi ne mutunci. "Wannan ai murfin tukunya ne," in ji shi, ya jingine shi a bango ya kawo ƙarfensa mai kauri. Ya naɗe gefuna, ya dasa ƙusoshi layi-layi kamar ɗinkin hula, har da ƙaramar sakata. Kullum daga makaranta nake kai masa ful, dafaffen waken Misirawa, da burodi, ina ganin abin yana ƙara kauri. Wallahi na tuna kilo huɗun nan tun mako na farko, tsoron faɗa ne ya hana ni magana.

Ranar awon, Bashmuhandis ya yi ta faɗa yana nuna ni, yana cewa ai ya gaya wa yarinyar. Baba ya juyo. "Hadiza, me yake cewa?" Na ce, "Wai aikin ya yi kyau, nauyi ne ya yi yawa." Sauran na haɗiye. Aka ce khalas, shi ke nan, za a nemo wani maƙerin. Baba ya ɗora akwatin a ka, dattijo da furfurarsa, muka ratsa titin masu motoci har tashar bas. A hanya ya ce, "Tun farko bai faɗa miki nauyin ba?" Na ce a'a. Sai ya ce, "To laifina ne, da ban tambaya ba." Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da shi kwana da kwanaki.

Yau jikokina waya suke miƙa wa mai shago ta fassara musu magana, ba wanda yake jingina mutuncinsa da bakin yarinya. Ni Baba ya jingina da nawa. Na yi ta cewa gobe zan faɗa masa, har aka kai shi makwancinsa a Giza. Ya tafi yana zaton hannunsa ne ya gaza.