Ɗakin Ƙasa na Asibitinmu

Asibitin garinmu, can tsakanin Kalgo da Gwandu, da gayya aka fara shi. Bayan girbin shinkafa maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mu mata muka yi ta jidon ruwa daga fadama har wuyanmu ya ƙage. Ɗaki ɗaya muka samu da ma'aikaciyar jinya ɗaya, kuma a nan na haifi ɗan farina.

Yau an yi gine-ginen siminti, har da ɗakin tiyata. Bara wani ɗan kwangila ya zo zai rushe tsohon ɗakin, wai za a yi wa manya rumfar ajiye motoci. Na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofar, na zauna.

Ya ce, "Inna, ki tashi, aikin gwamnati ne."

Na ce, "Yaro, ruwan da aka kwaɓa bangon nan da shi a kaina ya zo. In rushewa za ka yi, fara da ni."

Kafin la'asar sauran matan da muka yi jidon tare sun cika wurin da tabarmi. Ɗakin yana nan. Motocin manya a rana suke wuni.