Na Danna "Ina Hanya" Ina Kan Kujerar Aski

Wata ranar Alhamis, bayan La'asar, na yi irin ƙaryar nan da dukkanmu muke yi kullum ba tare da ko gezau ba.

Sau uku ina rubuta wannan labari ina gogewa. Yau dai na daure. Don Allah ku karanta har ƙarshe.

Waɗanda suka san ni sun san ina cikin 'yan sa-kai masu agajin gaggawa a garinmu. Sati biyu aka yi ana koya mana yadda ake tsayar da jini, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke. Bayan nan aka saka mana wata manhaja a waya. In abu ya faru, sai ta nemo ɗan agajin da ya fi kusa, wayarsa ta kama ƙara.

Amsa biyu ce kawai a ciki: "Ina hanya" ko "Ba zan iya ba."

In ka ce ba za ka iya ba, nan take za ta wuce ga wani.

In ka ce kana hanya, shi ke nan. Ta daina neman kowa, ta aika wa masu larurar saƙo cewa mai taimako na nan tafe.

Na san wannan sarai. An nanata mana har mun gaji da ji.

To, ran nan ina shagon Tasi'u mai aski, an naɗe ni da ƙyalle har wuya. Washegari ɗaurin auren abokina, ni ne kuma babban aboki. An gama kai, an yi rabin gemu.

Sai waya ta ɗau ƙara.

Wata mata ce, bel ɗin injin markaɗe ya kama mata hannu, jini na zuba. Manhajar ta nuna tsakanina da gidan tafiyar minti huɗu ce a babur.

Na danna "Ina hanya."

Wallahi ban ma yi tunani ba. Yatsan ne ya tafi da kansa, yadda bakina ya saba. Kun san mu dai. Mutum yana banɗaki da buta a hannu, ka kira shi ya ce maka ga shi nan a kwanar gidanku.

Na yunƙura zan tashi, sai na hango fuskata a madubi. Gefe guda fes, gefe guda daji.

Tasi'u ya dafa kafaɗata ya ce minti biyu kacal, in bari ya daidaita, kada in fita a yi mini dariya.

Na koma na zauna.

Minti biyun Tasi'u kuwa irin nawa ne. Wuta ta ɗauke, ya tafi tada janareto. Ya dawo ya ce saura layin goshi. Ya shafa sifirit, ya kaɗa mini hoda a wuya. Ni kuma ina zaune ina lallashin kaina: ai yanka ne kawai, ai akwai mutane a gidan, ai mata akwai zuzuta abu.

Da na tsaya a ƙofar gidan, na duba waya.

Minti ashirin da uku.

Tun daga zaure na fara ganin jini. A tsakar gida na tarar da ita kwance kusa da injin, dattijuwa ce, ta kai shekara sittin. An naɗe hannun da zani, zanin ya jiƙe sharkaf. Leɓunanta sun yi fari. Maƙwabta sun kewaye ta, wata na fifita, wata na salati, babu wadda ta san inda za ta danne.

Mijinta, wani tsoho mai farin gemu, yana durƙushe riƙe da waya da hannu biyu. Yana ganin jakar agajina ya miƙe.

"Ɗana, kai ne wanda aka ce yana hanya?"

"Ni ne, Baba."

"Alhamdulillahi. Ɗazu mai adaidaita ya tsaya zai kai ta asibiti, na ce ya je abinsa, an turo mana wanda ya san aikin, minti huɗu zai iso."



Na durƙusa na yi abin da aka koya mini. Na danne ciwon, na ɗaure sama da shi, na ɗaga hannun. Cikin minti uku jinin ya tsaya.

Minti uku. Iyakar abin da ake nema a wurina ke nan tun farko.

Muka samu mota muka kai ta asibiti. Sai da aka ƙara mata jini leda uku. Likita ya ce jinin da ta zubar ne ya fi ba su wahala, dole suka fara ceton ranta kafin su waiwayi hannun. Ta rayu. Amma yatsunta uku ba sa lanƙwasuwa har yau, injin da take ci da gidan da shi kuma wani ake ɗauka yana tayar mata.

Likita bai ce laifina ne ba. Ba wanda ya ce.

Abin da ya fi ƙona ni ma shi ne godiya. Tsohon nan ya riƙe hannuna a barandar asibiti yana sa mini albarka, yana nuna ni ga 'yan dubiya. Ya ce ya san cunkoson hanyar kasuwa ne ya tsare ni. Na sunkuyar da kai na ce e.

Ƙarya ta biyu ke nan a yini ɗaya.

Na je ɗaurin auren. Kowa na yaba askin. 

Sati uku ina fama da abin a raina. Ranar da na kasa jurewa, na sayi lemo da ayaba na nufi gidan, da niyyar in faɗi gaskiya ko da za a kore ni da tsintsiya.

Na tarar tsohon ya tafi masallaci. Ita kaɗai ce zaune a tabarma, hannun a naɗe da bandeji.

Na gaishe ta, na fara kame-kame. Na ce, "Inna, ranar nan ba cunkoso ba ne ya..."

Ta ɗaga lafiyayyen hannun ta tsayar da ni.

Ta ce ta sani. Lokacin da na sunkuyo ina ɗaure mata hannu idonta biyu, ta ga hoda a wuyana, ta ga guntayen gashi a kafaɗar rigata.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ƙato da ni, sai ga hawaye.

Ta ce ita ta yafe, duniya da lahira. Amma tana da roƙo guda.

"Kada ka faɗa wa Malam. Shi ya sallami mai adaidaita da bakinsa. Yanzu yana ganin ƙaddara ce da cunkoso, yana samun barci. In ya ji gaskiya, kai zai yafe maka, amma kansa ba zai taɓa yafe wa ba."

Na yi mata alkawari. Shi ya sa ban faɗi sunansu ko unguwarsu ba, kuma kada wanda ya tambaye ni.

Har gobe, duk inda tsohon nan ya hango ni, sai ya tsallako titi ya kama hannuna, ya ce wa na kusa da shi, "Ga wanda ya ceci iyalina."

Ni kuma dole in tsaya in amsa da amin.

Darasi:

Wanda ya ce "ba zan iya ba" ya bar maka damar neman wani. Wanda ya ce "ina hanya" alhali yana zaune ya tare wurin, ya kuma sa ka sallami wanda zai taimake ka. In ba ka tashi ba, kada ka ce ka taso.

Ka tura wa abokin nan naka da kullum yake "kwanar gidanku". In kuma kai ne shi, karanta sau biyu kafin ka tura.