Batirin Malam Ladan Mai Hoto

Ina jera wayoyin mutane a rumfar cajina ranar kasuwar Bukkuyum, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ko mashin bai kashe ba, ya ce, "Malam Sani, Ladan Mai Hoto ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan benci, na rasa inda zan sa hannuwana. Aminina ne, kuma duk duniya babu wanda ya zarge ni da ha'inci kamarsa.

Ranar sadakar uku, 'yarsa Balkisu da ke aure a Gummi ta durƙusa gabana tana hawaye.

"Baba Sani, a samo min hoton Baba. Ɗiyana ƙanana na, ba su riƙe huskatai ba."

Na ce wannan ai tuwona maina ne, mutumin da ya ɗauki hoton rabin mutanen ƙasar nan. Muka zazzage akwatunansa. Ga amare, ga jarirai, ga alhazai, har ragunan layya, amma babu Ladan. Ban yi mamaki sosai ba, don na san inda gizo ke saƙar.

Marigayi yana da niyya mai kyau. Duk taron da ya je yakan ce, idan ya gama da jama'a zai miƙa wa wani kyamara a ɗauke shi. Kafin a kai nan batir ya mutu. Washegari sai ga shi a rumfata, hula a karkace.

"Sani, kai dai ka ji tsoron Allah. Rabin wuta kaka zuba min, kana ɓoye saura."

Babu maganin da bai gwada ba. Ya shanya batirin a kan kwano kamar kuɓewa. Ya ɗumama shi a hammata. Ya taɓa kai masa haƙori, irin yadda muke yi wa batirin tocila a da, da ƙyar na ƙwace. Ni kuma na goge masa bakin ƙarfen, na canza caja, na kashe fitilar kyamarar da yake haskawa da rana tsaka, har na sa aka zo da sabon batir daga Gusau. Duk a banza. Ya ce sabon batirin ma ni na haɗa baki da shi.

Don in wanke kaina na bi shi wani suna a Nasarawa Burkullu. Can na ga ɓarawon da idona. Da ya ɗauki hoto ɗaya, sai ya juya gilashin bayan kyamarar a gani. Mai jego ta gani, ƙishin gani ya kama gwaggo, ta kira maƙwabciya, maƙwabciya ta ce a ƙaro girma ta duba ɗan kunnenta. Wani dattijo ya shigo, Malam Ladan ya tsuguna gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, kyamara na kunne a wuyansa tana shan wuta.

A hanyar komawa na ce, "To ka ga mai shan batirinka. Ka bar nuna ma mutane, su jira a wanko."

Ya yi alkawari. Alkawarin bai kai azahar ɗin taro na gaba ba. Wata tsohuwa, Inna Tumba, ta riƙe masa riga.

"Kai ɗan nan, ka ɗauke ni ka hana min ganin kaina? Mi kaka ɓoyo?"

Ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe haka ta koma, ta yi dariya har da tari. Da na harare shi sai ya ce, "Batir gobe a cika shi. Tsohuwa hwa, wa ya san gobenta?" Daga ranar ya daina zargina a fili, sai dai ya ce wutata ba ta da albarka.

Da labarin neman hoton ya bazu, matasa suka riƙa zuwa da wayoyinsu, duk wanda ya taɓa kama shi a taro. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu hoton da fuskarsa ta fito a ciki. A kowanne ya sunkuya kan kyamara, tsakiyar hularsa kawai ake gani, kawuna sun kewaye shi ana dariya.

Na wanko ɗaya na kai wa Balkisu ina jin kunyar gazawata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kira yaranta, ta ɗora yatsa a kan hular.

"Ga kakanku nan. Ku dubi huskokin mutanen ga, shi yas sa su haka."

Nan kukan da na danne tun ranar kasuwa ya ƙwace mini.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ladan, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Ka ba Balkisu da 'yan'uwanta da mahaifiyarsu haƙurin rashi, ka raya jikokinsa a kan halinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.